Kada A Buɗe Murfi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni ikon riƙe fensir bayan na yi furfura.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina yi miki sannu da gajiyar jego, ina gaida takwarana, Allah ya ƙara masa lafiya da ƙiba. Ina roƙon Allah ya sa gobe ku isa Kumbotso lafiya, ku tarar da mijinki Malam Nasiru da duk mutanen gidansu cikin alheri.

Za ki yi mamaki a ce muna gida ɗaya, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Innarki inda kike zaune, amma ina rubuto miki takarda. Sau uku na gwada da baki. Duk lokacin da na zo bakin ƙofa na yi sallama kika amsa, sai in ji kaina ina tambaya ko an ba kaji ruwa. Ke ce 'yar farina, kuma sunan mahaifiyata gare ki, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Shi kuwa fensir na lura ba shi da kunya, abin da aka sa shi yake faɗa. Shi ya sa na aiko shi.

Bari in fara da daɗin, don ya yi mini yawa. Yau da hantsi Innarki ta fito da yaron nan tsakar gida ta ɗora mini shi a cinya. Ya kama gemuna da hannu ɗaya ya ƙi saki. Na ce masa, "Kai, sunana ka karɓe, yanzu kuma gemun kake so?" Sai ya yi mini atishawa a fuska. Uwata, wannan shi ne yaron da na fara gani ta bayan gilashi, cinyarsa ba ta fi babban yatsana ba, da 'yar roba a hancinsa. Yau ga shi har da wuya mai ninki. Na tafi gona na zaga tumatirina, mutane suna yi mini sannu da aiki ina amsa musu da "lafiya lau yake". Ban taɓa jin irin wannan farin ciki ba, ko shekarar da shinkafata ta fi ta kowa a layinmu.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a ƙirji, kuma ba na so ki bar gidan nan da shi. Zan zo kansa. Ki bar ni in bi ta hanyar da na iya, ta wajen ƙwai.

Kin tuna ranar da kika zo goyon ciki, adaidaita ta sauke ki a bakin kanal da wani babban kwali. Kika ce, "Baba, gwiwarka ta gaji da tsayuwa cikin ruwan shinkafa. Ga sana'ar zaune na kawo maka." Muka buɗe, sai ga farin akwati mai murfin gilashi, da batir, da allon sola. Kika ce injin ƙyanƙyasar ƙwai ne. Na ce, "Wannan ne zai yi kwanci? To ina fukafukinsa?" Kika yi dariya har sai da kika riƙe ƙugu. Takardar da ta zo da shi da Turanci take, kika zauna kika mayar da ita Hausa da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa, muka kafe ta a bango da ƙusa. Kada a wanke ƙwai. A juya su sau uku a yini. Kada ruwan tasar ƙasa ya ƙafe. Layi na ƙarshe kuwa har kika ja masa jan biro a ƙasa: daga rana ta goma sha takwas kada a buɗe murfi.

Kuskurena na farko kin san shi, don ke kika kama ni. Injin na cin ƙwai talatin, ni kuwa ashirin na tara daga kajinmu da na maƙwabta. Ramuka goma babu komai suka tsaya mini a rai. Sai na je wajen mai shayi a tasha na sayi goma daga kiret ɗinsa, manya-manya masu kyau, na cike gurbin ban gaya wa kowa ba. Har ina cewa a raina waɗannan su za su ba ni manyan kaji. Rana ta takwas muka rufe ƙofa da taga da tsakar rana, kika riƙa haska ƙwan da tocila ɗaya bayan ɗaya. Namu na gida duk ga jijiyoyi ja kamar saiwar albasa, da ɗan baƙin abu yana motsi. Da kika zo kan manyan, fayau, babu komai. Kika haska na biyu, na uku, sai kika juyo da tocilar fuskata.

"Baba, ina ka samo waɗannan?"

Na ce, "A gari."

"Wajen mai shayi?"

Na ce, "Wajensa."

"Baba, kajin da suka yi waɗannan ko a mafarki ba su taɓa ganin zakara ba."

Innarki tana daga waje ta ce, "Shekara arba'in yana kiwon kaji." Ranar da ƙwai muka ci tuwo.

Abin dariya ne, amma ki duba tushensa. Da na tambaye ki, da kalma ɗaya ta ishe ni. Girman kai ne ya hana. Shi ne dai ya hana ni shiga ajin manya shekara da shekaru, ina dangwala yatsa a takardar ruwan gona ina cewa ni ba yaro ba ne da zan zauna a benci. Sai da kika gama karatun koyarwa kika ja ni da kanki, duk bayan la'asar in tafi firamare da littafi a aljihu, in dawo ki duba mini da jan bironki kina kirana ɗan aji ɗaya. To ke ma yanzu 'yar aji ɗaya ce a wajen reno. Abin da ba ki sani ba game da yaron nan ki tambaya. Ki tambayi nas, ki tambayi surukarki, ki bugo wa Innarki waya ko sau goma ne a yini. Malama ce ke a makaranta, wannan bai hana ki rashin sanin dalilin kukan jariri ba, kuma babu wanda zai raina ki don kin ce ban sani ba.

Kuskurena na biyu shi ne 'yan kallo. Duk wanda ya zo zaure sai na ja shi ciki na ɗaga murfi ya leƙa. Mai unguwa ya gani, liman ya gani, har mai gyaran famfo. Lambar zafin ta riƙa sauka tana hawa. Kika ce mini, "Baba, kaza mai kwanci ba ta karɓar baƙi." Na rage, amma ban daina ba sai da kika ɗaure murfin da ɗankwalinki.

Wannan ma ki tafi da shi. Gobe idan kin sauka, mata za su cika gidan da barka, kowace na son ta ɗauka ta ga ɗan kwalba. Likita ya ce mai mura ko tari kada ya ɗauke shi, kuma a wanke hannu. Na san ki da kawaici, za ki ji nauyin hana babbar mace. Kada ki ɗora wa kanki. Ki ce, "Kakansa ne ya hana, wani tsoho ne mai rigima a Kura." Ki ɗora mini duka. Na yi rigimar da ba ta da amfani, bari a yi amfani da sunana a mai amfani.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki fensir.

Ƙwai suna da kwana goma sha uku naƙuda ta kama ki, cikin yana wata bakwai. Aka wuce da ke asibiti a birni, kika haihu, aka sa yaron a kwalba. Ni kalmar ma ba ta yi mini daɗi ba. Kwalba a wajenmu ta manja ce ko ta magani, ban taɓa jin an ajiye ɗan mutum a ciki ba. Na riƙa zuwa ina dawowa, in juya ƙwai da safe, in hau mota, in tsaya a bayan gilashi, in dawo in juya ƙwai.

Ranar suna muka taru da sassafe a ƙofar gidan su Malam Nasiru. Babu jariri, babu mai jego, sai rago da goro. Liman ya yi addu'a, aka ce an samu Sulaimanu. Ban san za su yi mini haka ba. Mutane suka yi ta miƙo mini hannu, kaina ya kumbura. Sai na ce a raina, takwarana ba zai wuce kwana bakwai da gashin ciki a kansa ba. Ni an yi mini aski ranar suna, ke an yi miki, duk zuriyarmu haka. Na ja abokina Ilu wanzami gefe, wanda muka zo tare daga gida, na ce ya ɗauko zabirarsa. Ban gaya wa mijinki ba, yana can wajen fiɗar rago.

A mota Ilu ya ce, "Sule, ni fa ban taɓa aske ɗan kwalba ba."

Na ce, "Kai dai ba aska gare ka ba? Minti nawa ne? A fito da shi, ka aske, ka duba belinsa, a mayar."

Ya ce, "To, kai ne kaka."

Muka same ki a barandar ɗakin jarirai, ke da Innarki, kin fito daga tatsar nonon da ake ba shi. Kika ga zabira a kafaɗar Ilu, na ga fuskarki ta canza. Nas ta ce ba a fito da su. Na ce da ita ba da ke nake ba, da 'yata nake. Mata suna zazzaune a kan tabarmi, kowa ya zuba ido. Kika durƙusa har ƙasa, da jikinki na mai kwana bakwai da haihuwa, kika ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Ba za a buɗe ba."

Ba ki taɓa ce mini a'a ba sai ranar. Kuma a gaban Ilu, a gaban matan da ban sani ba. Na ce ashe karatun da na sa ki don ki tozarta ni ne. Wannan ma da sauƙi. Sai na ƙara da maganar da tun ranar take hana ni sakewa. Na ce, "Idan kwanansa ya ƙare, kwalba ba ta hanawa."

Na faɗi haka ga uwar da ɗanta ke numfashi da roba. Ba ki yi kuka ba. Kika ce, "Haka ne, Baba," kika tashi kika koma ciki. Innarki ta bi ki ba ta ko dube ni ba. Da muka iso tashar Kura, Ilu zai sauka ya ce, "Sule, askata ba ta kai bakinka kaifi ba yau."

Na iso gida bayan azahar, babu kowa. Ina shiga ɗaki na ji ƙara siririya, tsiyau, tsiyau. Rana ta ashirin ke nan. Na leƙa ta gilashi, ƙwai shida sun huda, ga ɗan baki yana fitowa ta ramin yana komawa. Na ja kujera na zauna. Awa ɗaya, ramin bai ƙaru ba. Na yi la'asar na dawo, yana nan yadda yake. Kuka kawai suke. Zuciyata tana tafasa da abin da ya faru da safe, sai na ce, can an hana ni, nan kuwa gidana ne, ba zan zauna ina kallon abu yana neman taimako ba. Na kwance ɗankwalinki, na ɗaga murfi, na ɗauko tsinken tsintsiya.

Na farko na ɓare masa ɓawo a hankali, ina jin kaina mai taimako. Ƙarƙashin ɓawon akwai wata farar fata, na ja ta, sai jini. Ɗan tsakon ya fito a jiƙe, da gwaiduwa a rataye a cibiyarsa, bai gama shanye ta ba. Ya buɗe baki sau biyu a tafin hannuna. Na ce wannan dama rarrauna ne. Na ɗauki na biyu. Uwata, sai da na yi huɗu. A na huɗun ne na ɗaga kai don in share gumi, idona ya faɗa kan takardarki a bango, kan layin da kika ja wa jan biro. Na karanta shi tiryan-tiryan, babu inda na yi tuntuɓe. Malaminmu na ajin manya da ya ji da ya yaba mini. Karatun na iya, jin maganar ne ban iya ba.

Na rufe murfin. Na zauna da gawa huɗu a kan faifai, a idona yaron da na so a ciro mini da safe bai fi su girma ba. Abin da na ɗauka kukan neman taimako ne, ashe numfashi suke koyo. Zaman da suke yi shiru a ciki, aiki suke, suna janye jininsu da abincinsu zuwa cikin jiki. Ni na ga kamar an tsare su, ashe ana ƙarasa su ne. Sauran biyun da suka huda su ma ba su fita ba, iskar da na shigar ta busar musu da fata ta manne a jikinsu.

Washegari na sa hannuwana a aljihu na tsaya. Na ga ɗaya ya zagaye ɓawonsa da baki kamar mai yankan ƙwarya, ya huta, ya tura, ya huta, ya tura, sai ga shi ya faɗo waje ya kwanta kamar matacce. Hannuna ya fito daga aljihu da kansa, na mayar da shi. Kafin azahar ya bushe ya miƙe yana taka 'yan'uwansa. Goma sha ɗaya suka fito a haka, babu wanda na taɓa. Uku ba su motsa ba tun asali, wannan na Allah ne. Shida kuwa nawa ne.

Ga abin da nake so ki riƙe daga bakin wanda ya yi ɓarnar da hannunsa. Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma ni ranar ba tawakkali ne ya sa na faɗa ba, fushi ne na naɗe shi da sunan Allah na jefe ki da shi. Allahn da ke riƙe da rai Shi ya ba mutane sanin haɗa kwalbar, Shi ya ba ki ƙarfin durƙusawa ki ce a'a. Kada wani ya ƙara rikita ki da irin maganata, ko da rawani a kansa, ko da shi ya haife ki. Idan lafiyar yaron nan ce, ki durƙusa yadda kika yi, ki tausasa murya yadda kika yi, kuma kada ki buɗe.

Sannan wata rana abin zai juyo kanki. Bakwaini ne, zai yiwu ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin tafiya, 'ya'yan maƙwabta su riga shi. Za ki ji hannunki yana ƙaiƙayi. Idan ya fara rarrafe ya faɗi, idan ya shiga makaranta yana fama da baƙi ɗaya kwana uku kamar yadda kakansa ya yi fama da "ƙ" mai ƙugiya, za ki so ki ɓare masa. Ki ba shi ɗumi, ki ba shi ruwa, ki tsaya kusa inda zai gan ki. Sauran ki sa hannu a aljihu. Yana da wuya, na gwada.

Na ji kina ce masa Abba, don bakinki ba zai iya kiran sunana ba. Na yi dariya, na ce yanzu ta san halin da nake ciki. Wannan kunyar babu laifi, ki riƙe ta. Amma kada ki yi masa irin tawa. Ni ban taɓa ɗaukar ki a gaban mutane ba. Ranar da kika ci jarrabawa na ji daɗi har na kasa cin abinci, amma abin da na ce miki shi ne a rufe akurki. Ina tsammani kin sani ba sai an faɗa ba. Shi ya sa da na yi miki mugun furuci sau ɗaya, babu wasu kyawawan kalmomi nawa a ajiye a wajenki da za su danne shi. Ki ɗauki ɗanki a gaban kowa, ki gaya masa da baki.

Tun da aka sallamo ku kika dawo wanka, babu abin da kika rage mini. Kina gaishe ni da safe, kina aiko mini da kunun kanwa. Amma kin daina ce mini ɗan aji ɗaya. Sau biyu na bar littafina a kan turmi da gangan, da kurakurai a ciki waɗanda ni ma na san kurakurai ne, na dawo na same shi yadda na bar shi. Ban ga laifinki ba.

A cikin goma sha ɗayan nan shaho ya ɗauki ɗaya, saura goma, sun yi fiffike sun fara raina mutane. Na ware miki shida a kwando, sa'annin takwarana ne, kwana bakwai ya ba su. Biyar mata, ɗaya zakara. Kada ki bari a yanka zakaran don baƙi, yanzu na san amfaninsa. Zubi na biyu kuma na yi shi yadda takardarki ta ce, ranar sha takwas na ɗaure murfin da igiya da kaina na ba Innarki wuƙata ta ɓoye, na ce idan ta ga na nufi igiyar ta kira mai unguwa.

Saura abu ɗaya. Tun da aka raɗa miki suna bakina bai taɓa kiran sa ba, kuma ban taɓa rubuta shi ba, ko a aji da aka ce kowa ya rubuta sunayen 'ya'yansa, tsallake ki na yi na fara daga ƙannenki. Yau na gwada shi sau biyar a bayan buhun taki kafin in sa shi a nan.

Hauwa'u, ke ce da gaskiya. Na cuce ki da bakina a ranar da kika fi bukatar addu'ata. Ki yafe mini.

Ba sai kin zo kin durƙusa kin ce komai ba, na san mu biyun ba za mu iya ba. Na sa sabon jan biro a cikin ambulan ɗin nan. Takardar tana da tsawo, kuma na tabbata na zubar da ƙugiyoyi a hanya, wasu kalmomin ma na haɗe su inda ya kamata a raba. Idan Innarki ta raka ki ta kwana biyu za ta dawo, ki ba ta ita ta kawo mini. In na buɗe na ga ja, na gane.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku a hanya da bayan hanya. Allah ya raya Sulaimanu, ya ƙarfafa ƙashinsa, ya sa ya fi mai sunansa haƙuri. Allah ya ba Malam Nasiru ikon riƙe ku, ya sa albarka a aikinki da renonki, ya sa gidanki ya zama wurin ɗumi ga duk wanda ke cikinsa. Allah ya yi miki albarka, duniya da lahira. Amin.

Ni ne mahaifinki,
ɗan aji ɗaya.